Yaya za a tsara lokacin jarrabawar intanet ba tare da an zalunci wani ɗalibi ba?

Wata malama da aka ɗora wa aikin kula da jarrabawa a sashensu ta aiko mini da tambaya. Ta ce wannan zangon za su yi jarrabawar wasu kwasa-kwasai ta intanet, kowane ɗalibi daga inda yake. Ɗaliban sun kai ɗari shida, wasu a birni, wasu a ƙauye, da yawansu ma'aikata ne, kaɗan kuma suna ƙasashen waje. Malaman sashen sun rabu biyu: wasu sun ce a sa kowa ya zauna lokaci guda don a toshe satar amsa, wasu sun ce a bar jarrabawar a buɗe awa 24 kowa ya shiga lokacin da ya samu dama. Tana so ta san wanne ya fi adalci.

Malama, sannu da ɗawainiya. Na daɗe ina wannan aikin, kuma amsata ita ce duka biyun suna da wanda suke zalunta, sai dai ba mutum ɗaya suke zalunta ba. Ma'aunin da nake so ki riƙe shi ne wannan: idan ɗalibi ya faɗi, ya kasance rashin karatu ne ya kayar da shi, ba lokacin da aka sa masa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya fito.

Mu fara da masu cewa lokaci guda. A zauren jarrabawa wannan daidai ne, domin duk wanda ya shigo kujera iri ɗaya zai samu, fitila ɗaya, agogon bango ɗaya. Amma da zarar kin ce kowa ya yi daga gida, kin raba zauren gida ɗari shida, kuma ba ke kika gina su ba. A tsarin rabon wutar lantarki na Najeriya, unguwar da ke rukunin A an yi mata alkawarin awa 20 a rana, wadda ke rukunin E kuwa awa 4, idan ma an cika alkawarin. Ɗalibi ɗaya yana zaune gaban kwamfuta da sola a saman kwano, ɗaya kuma ya kai wayarsa shagon caji tun da asuba yana addu'ar kada ta mutu kafin tambaya ta talatin. Ki ce musu su biyun ƙarfe 10 daidai, wanda ya makara da minti biyar ya rasa, kin daidaita agogo amma ba ki daidaita mutane ba. An taɓa gwada wannan a babban mataki. A watan Mayun 2020, lokacin korona, hukumar College Board ta Amurka ta yi jarrabawarta ta AP, wadda ɗaliban sakandare ke zaunawa, ta intanet, ta sa duk duniya lokaci guda don kada tambayoyi su fita. Sa'o'in da aka zaɓa tsakar rana ne da yamma a gabashin Amurka, amma ga yaran da ke gabashin Asiya sun faɗo ne ƙarfe 12 na dare, da 2, da 4 na asuba. Jarrabawa ɗaya, minti 45 iri ɗaya, amma wani da idon rana ya amsa, wani da idon barci.

Masu cewa awa 24 kuwa, zuciyarsu mai kyau ce, amma lissafi bai goyi bayansu ba, kuma a nan nake so ki ɗan tsaya, domin shi ne abin da yawancinmu ba mu lura da shi. Hujjarsu ita ce ai akwai rumbun tambayoyi, kwamfuta za ta zaɓo wa kowa nasa daban. To, a ce rumbun yana da tambaya 200, kowane ɗalibi ana ba shi 40. Ɗalibai biyu za su haɗu a kan tambaya 8 ne kawai a matsakaici, wannan gaskiya ne, kuma shi ke kwantar wa mutane da hankali. Amma ba mutum biyu ne ke cikin zauren WhatsApp na aji ba. Kowane ɗalibi yana ganin kashi ɗaya cikin biyar na rumbun. Idan mutum 10 suka ɗauki hoton tambayoyinsu suka tura, kusan kashi 89 cikin ɗari na rumbun ya fita. Idan suka kai 20, kusan kashi 99. Ma'ana, kafin azahar rumbun nan yana hannun jama'a, kafin la'asar an warware shi an jera amsoshi. Wanda ya shiga da safe da gaskiyarsa shi ne ya yi asara, wanda ya jira dare ya kwashi maki. Su wa ke shiga da safe? Masu tsoron Allah, da waɗanda ba su cikin zauren, da matar da ta san in ba ta yi yanzu ba yara za su dawo daga makaranta. Wannan ma zalunci ne, sai dai ba ya kuka da ƙarfi, shi ya sa ba a kawo ƙararsa ofis.

Abin da ke kare jarrabawa ba girman rumbu kaɗai ba ne, ƙarancin lokacin da masu sata za su samu su tattara su warware ne. Don haka ga yadda nake yi ga jarrabawar zaɓin amsa. Ina raba lokacin shiga da tsawon jarrabawa. A ce jarrabawar awa ɗaya ce: ƙofar shiga a buɗe take daga ƙarfe 10 zuwa 10:45, duk wanda ya shiga cikin wannan tazarar yana da cikakkiyar awarsa. Na ƙarshen shiga ya riga ya fara kafin lokacin na farko ya cika. Wannan minti 45 ɗin shi ne na tayar da janareta, na sauya layi daga wannan kamfani zuwa wancan, na fita waje a nemi inda sabis ya fi ƙarfi. Yana kuma sauƙaƙa wa sabar makaranta, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da jarrabawar, domin mutum ɗari shida su danna shiga cikin daƙiƙa ɗaya shi ne abin da ya fi durƙusar da ita. Sannan ina yin zama biyu ga kowane babban kwas, ɗaya da hantsi ɗaya bayan azahar, ko ɗaya ranar aiki ɗaya ranar Asabar, kowane zama da rumbunsa daban, ɗalibi ya zaɓi nasa tun mako biyu kafin ranar. Zama na uku kuma, wanda zan yi bayaninsa a gaba, na waɗanda matsala ta faɗa wa ne.

Idan Moodle, manhajar karatu da jarrabawa ta intanet, kuke amfani da shi, akwai tarko ɗaya da ya kama malamai da yawa, har da ni. Akwai wurin sa lokacin buɗewa, da lokacin rufewa, da tsawon jarrabawa. Lokacin rufewar nan ba ƙofar shiga kaɗai yake rufewa ba, yana yanke jarrabawar duk wanda ke ciki. Idan kika sa rufewa 10:45 da nufin ƙarshen shiga, wanda ya shiga 10:40 minti biyar zai samu. Sai ki sa rufewa 11:45, ki rubuta wa ɗalibai baro-baro cewa wanda ya shiga bayan 10:45 lokacinsa zai ragu. Wata shekara na yi wannan kuskuren, sai da na ga jerin ɗalibai sun amsa tambaya biyar-biyar sun tsaya na gane laifina ne, na je gaban shugaban sashe na faɗa, aka sake musu. Ki kuma sani cewa agogon jarrabawar a kan saba yake tafiya, ba ya tsayawa don sabis ɗin ɗalibi ya yanke. Shi ya sa nake ƙara kamar minti goma a kan kowace awa ga kowa da kowa, tun daga tsari, na kuma sa tambayoyi kaɗan-kaɗan a kowane shafi don amsa ta riƙa ajiyuwa, na guji hotuna masu nauyi in ba dole ba. Kuɗin data ma abin dubawa ne, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Jarrabawar da ke neman kyamara a kunne awa biyu kuɗi ne kika ɗora wa ɗalibi ba tare da kin rubuta shi a takardar kuɗin makaranta ba.

Zama biyu yana haifar da tasa tambayar: idan rumbun safe ya fi na yamma wuya fa? Maganinsa tun wajen rubuta tambayoyi ne. A kasa su bisa darasi da bisa wuya, masu sauƙi, matsakaita, masu tsauri, sannan kowane zama ya samu adadi iri ɗaya daga kowane kaso. Malami ɗaya ya rubuta su a zaune ɗaya sannan a raba, kada a rubuta na safe da natsuwa a rubuta na yamma da gaggawa daren jajibiri. Bayan an gama ki kwatanta matsakaicin makin zaman biyu. Idan tazarar ta yi yawa, ki kai wa kwamitin jarrabawa da alƙaluma a hannu, su duba tambaya-tambaya, kada ki gyara maki ke kaɗai a ɓoye.

Idan kuma ku ne za ku raba ɗalibai rukuni-rukuni, misali don kwamfutocin cibiyar makaranta ba su isa ba, kada ki raba da jerin haruffan suna. A ajinmu na Arewa kin san yadda abin yake: Abubakar, Abdullahi, Aisha, Amina da Aliyu sun cika rukunin farko, Yusuf da Zainab da Zubairu kullum su ne na ƙarshe, su ne ke shan zafin rana da gajiyar janareta, ko kuma su ne ke cin moriyar jin labarin tambayoyi, tun daga aji ɗaya har su gama. Lambar rajista ma haka take, domin takan tara 'yan shiga kai tsaye, wato waɗanda suka fara daga aji biyu, a wuri guda. A yi ƙuri'a da kwamfuta, kuma a juya: wanda ya yi safe a wannan kwas ya yi rana a na gaba.

Yanzu sa'o'in kansu. Ranar Juma'a a gama komai kafin ƙarfe 12, ko a fara bayan 3, domin masallatai ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba, kuma akwai tafiya da dawowa. Safiyar Lahadi ta coci ce, kada a taɓa ta. Akwai kuma Kiristocin da Asabar ce ranar ibadarsu, 'yan cocin Adventist, don haka idan kin sa zama ranar Asabar ya kasance yana da abokin zaɓi a wata ranar. Kada jarrabawa ta haɗiye magariba, lokacinta gajere ne. Dare gaba ɗaya ban yarda da shi ba: sabis ya fi cunkoso lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya, kuma ɗalibar da sai ta je kafe ko gidan 'yan uwa ta samu wuta ba za ta iya dawowa ƙarfe 10 na dare ba, balle a garuruwan da hanya ba ta da tsaro. Da damina hadari yakan taso da yamma ko da dare, kuma kin san da iska ta kaɗa ake ɗauke wuta. Ƙarfe 7 na safe ma ba alheri ba ne ga uwar da ke shirya yara makaranta. Abin da ya rage mai kyau shi ne tsakanin 9:30 da 1, sai kuma 2:30 zuwa la'asar.

Azumi yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan yana faɗowa ne daga watan Fabrairu zuwa Maris, daidai lokacin da zafi ke kunno kai. Ba na cewa a dakatar da jarrabawa don azumi, amma a yi ta da hantsi, tsakanin 10 da 1. Bayan la'asar kai ya yi nauyi, mata kuma suna madafa. A goman ƙarshe kada a sa da sassafe, mutane sun kwana tahajjud. Ranar Salla kuwa sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, hutun gwamnati ma sai ana saura 'yan kwanaki ake bayyana shi, don haka ki bar kwana biyu kafin ranar da ake zato da kwana uku bayanta babu komai.

Na ƙasashen waje ba su da wahala idan an kula. Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya da namu. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Indiya da awa huɗu da rabi, Malesiya da awa bakwai. Ingila ce mai ruɗani: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Ki rubuta "agogon Najeriya" a gaban kowace sa'a a jadawali. Ƙarfe 10 na safe a nan ƙarfe 5 na yamma ne a Malesiya, wanda ya nuna zaman hantsi ya fi dacewa da duk wanda ke gabas da mu.

Cin karon kwasa-kwasai shi ne tsohon ciwon wannan aiki, intanet bai warkar da shi ba. Kada ki zana jadawali daga littafin manhaja, ki zana shi daga ainihin rajistar da ɗalibai suka yi, domin masu kari-oba, wato masu maimaita kwas ɗin da suka faɗi, su ne ke ɗinke aji biyu da aji uku wuri guda, kuma ba sa bayyana a littafin. Ki fitar da kowane kwas biyu da suke da ɗalibi ko da ɗaya a tsakaninsu, ki fara sanya wanda ya fi kowanne yawan cin karo, sannan mai bi masa, masu sauƙin sha'ani su zo ƙarshe su cike gurbi. Manyan kwasa-kwasan da kowa ke ɗauka, irin na GST, wato darussan gama-gari, su zo a farkon mako na farko, don in an samu matsala akwai sauran kwanaki. Kuma rashin cin karo bai isa ba. Ɗalibin da ke da jarrabawa uku cikin awa 24 ba a yi masa adalci ba ko da babu biyun da suka hau juna. Ƙa'idata biyu a rana iyaka, da aƙalla awa biyu a tsakani, saboda a nan ba kai kaɗai ke buƙatar hutu ba, waya ma sai an yi mata caji. Ki fitar da daftarin jadawali mako huɗu kafin farawa, ki ba da mako ɗaya na ƙorafi ta hannun wakilan aji da kuma kai tsaye, domin ba kowa ne wakilin aji ke jin muryarsa ba, sannan na ƙarshe ya fito mako biyu kafin ranar kada ya sake motsi. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare da ɗan sanda da malamin firamare sai sun nemi izini a wurin aiki, sauya rana ana gobe ya rushe musu komai.

Masu buƙata ta musamman haƙƙinsu ne, ba alfarma ba. Najeriya tana da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, JAMB ma tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawarsu. Makahon da manhaja ke karanta masa allo yana buƙatar ƙarin lokaci, haka mai lalurar hannu. A Ingila ƙarin kashi 25 cikin ɗari shi ne aka fi bayarwa, ga makaho kuwa ni nakan nemi fiye da haka. Moodle yana ba da damar a sauya wa mutum ɗaya lokacinsa ba tare da an taɓa na sauran ba. Masu sikila, da mai tsohon ciki, da mai jego, a tambaye su tun wajen rajista cikin sirri, kada a jira su zo roƙo.

Sai zama na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar adalcin gaba ɗaya. Abu zai lalace, tambayar kawai ita ce ko kin yi masa tanadi. A watan Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni babu sabis. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta wuni tana fama. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. Ko JAMB, da duk ƙwarewarta a jarrabawar kwamfuta, a 2025 ta amsa cewa kuskuren na'ura ya shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa. Na yaba da amsa laifin. Amma an fara sake jarrabawar kwana biyu kacal bayan sanarwar, ana tsaka da WAEC, kuma wannan shi ne abin da ke faruwa idan ranar gyara ba ta cikin jadawali tun farko.

Don haka ki ware kwana biyu ko uku a ƙarshen jadawali, ki rubuta su a ciki kowa ya gani, da rumbun tambayoyinsu a ajiye. Ki rubuta ƙa'idar shiga zaman tun kafin a fara: wanda sabis ko wuta ta yanke masa ya sanar cikin awa 24, ta saƙon tes ma ya wadatar, domin wanda ba shi da intanet ba za a ce ya cike fom a intanet ba. Wanda aka rufe layin garinsu kuwa wa'adinsa ya fara daga ranar da ya samu fita. Kada ki dogara da hoton fuskar waya a matsayin shaida, wanda wayarsa ta mutu ba shi da abin ɗauka. Rajistar saba ta fi gaskiya, tana nuna lokacin da ya shiga, da amsar ƙarshe da ya ajiye, da inda ya yi shiru. Na san za a ce wasu za su leƙa tambayoyi su kashe data su ce sabis ne. Za a samu. Amma idan rumbun zama na uku daban ne kuma wuyarsa ɗaya, abin da mai wayon ya samu ƙarin kwanakin karatu ne kawai, kuma sunan da ya maimaita haka a kwas uku zai fito fili, sai a kira shi ya zo ya zauna a cibiyar makaranta. Makin zama na uku kuma cikakke ne, ba a rage masa komai, ba a rubuta shi a matsayin kari-oba. Yanke hukunci ya kasance na mutum uku, ba naki ke kaɗai ba, don kare ki daga masu zuwa da "ɗan wane ne".

Awa 24 ɗin da abokan aikinki ke so tana da wurinta: jarrabawar rubutu mai neman tunani, wadda aka yarda a buɗe littafi, inda kowa zai yi sharhi a kan misalin da ya shafi garinsu ko wurin aikinsa. A can sai a ba da kwana ɗaya ko biyu, a ƙayyade yawan kalmomi don kada mai lokaci ya rinjayi mai aiki, sannan tun da ChatGPT ya shigo, a kira wasu ta waya minti biyar su yi bayanin abin da suka rubuta.

Kafin ki zana komai, ki tura wa ɗaliban tambayoyi biyar: da me za ka yi jarrabawar, waya ko kwamfuta, a wane gari, wane lokaci wuta da sabis suka fi tsayawa a wurinku, kana aiki ko a'a, akwai lalurar da ya kamata mu sani. Waɗanda ba su amsa ba su ne za ki sa a kira, domin galibi su ne abin ya fi shafa. Sannan mako ɗaya kafin farawa ki yi jarrabawar gwaji marar maki, ta minti 15, a daidai sa'ar da kika zaɓa, kowa ya shiga. A ranar za ki ga ko sabar za ta ɗauki mutum ɗari shida, ki ga waɗanda suka manta kalmar sirrinsu, ki kuma samu sunayen waɗanda ya kamata a ajiye wa kujera a cibiyar kwamfutar makaranta ko wata cibiya kusa da su. Idan kin tattara amsoshin, ki turo mini da rajistar kwasa-kwasan, mu zana daftarin farko tare. Allah Ya taimaka, Malama.